Yadda Unguwa Za Ta Tsaya wa Masu Juna Biyu a Lokacin Annoba

Tun da na ba da labarin ɗan abin da muka yi wa masu juna biyu a unguwarmu a Daura lokacin kullen korona, da wuya in je gidan suna ko biki ban haɗu da mai tambaya ba. Wata ta ce, "Anti, mu ma muna so mu yi, ta ina ake farawa?" Wani ya ce nawa za a kashe, wa za a fara gani, kuma in an koro mace daga asibiti wa ake kai wa kuka? Shi ya sa na zauna na jera abin daki-daki, yadda muka yi shi, da kuma yadda ya kamata a ce mun yi shi a wuraren da muka yi kuskure.

Daura aka fara rufewa a jihar Katsina, cikin watan Afrilun 2020, bayan rasuwar wani likita da gwaji ya nuna cutar ce. Ga zafin bazara, ga azumi ya ƙarato, ba kasuwa, ba mota. Amma naƙuda ba ta san an kafa doka ba. Kuma annoba ba ta ƙare daga korona ba: an sha amai da gudawa a 2021, mashaƙo ya addabi yara a 2023, sanƙarau kuwa kowa ya san lokacinsa. Saboda haka wannan aiki yanzu ake yin sa, gari na buɗe. Ranar da aka rufe hanya ba ranar neman lambar direba ba ce.

1. Haɗa mutum bakwai

Kada ku kira taron gangami. Mutum bakwai sun isa, in dai kowa ya san aikinsa: dattijuwa wadda ake jin maganarta a cikin gidaje, ungozoma, malamar Islamiyya, liman ko na'ibinsa, direba ɗaya, matashi ko matashiya mai iya rubutu da sarrafa waya, sai kuma wanda zai riƙe kuɗi. Aƙalla huɗu daga ciki su kasance mata, domin akwai ɗakin da namiji ba zai shiga ba, akwai kuma maganar da ba za a faɗa a gabansa ba.

A cikin bakwai ɗin nan dole a sami mai jin Fillanci, ko yaren baƙin da suka fi yawa a wajenku. In akwai Kiristoci ko Maguzawa a yankin, a ba su kujera tun ranar farko, kada a bari sai an gama shirya komai sannan a aika musu.

Hattara: kada ku ɗora ɗan takara ko ɗan korensa a kan kwamitin. Daga ranar da aka ce na jam'iyya kaza ne, rabin ƙofofin unguwa sun rufe muku.

2. Gaisuwa kafin aiki

Ku fara da mai unguwa. Ku je mutum uku, ku gaishe shi, ku ce, "Ranka ya daɗe, mun zo ne neman izini da albarkarka. So muke mu san adadin masu ciki a ƙasarka, domin in wani abu ya taso kada a rasa yadda za a yi da su." Ku roƙe shi ya kai ku wajen dagaci, shi kuma ya sanar da hakimi. Ba ɓata lokaci ba ne. Hatimin da za ku nema a mataki na huɗu daga hannunsu zai fito.

Daga nan sai ƙaramin asibitin mazaɓarku. Ku ga shugaba ko shugabar wurin, ku tambayi su wane ne 'yan kwamitin raya mazaɓa, domin tsarin lafiya a matakin farko ya tanadi irin wannan kwamiti a kowace mazaɓa, jihar Katsina kuwa mazaɓu 361 gare ta. Wani wurin za ku tarar yana aiki, wani wurin sunaye ne kawai a takarda. In yana aiki ku jingina da shi. In ya yi barci ku tashe shi, kada ku kafa masa kishiya.

3. Ƙirga kowa, a fara daga gefen gari

Nan ne zuciyar aikin, kuma nan ne muka tafka kuskuren da har yau yake ci mini rai.

Kayan aikin ba su da yawa: littafin rubutu irin na 'yan makaranta guda biyu, biro, da waya mai kati. A ja layi a raba shafi: sunan mace, sunan maigida, kwatancen gida, lambar waya guda biyu, watan ciki, ciki na nawa, ko tana zuwa awo, ko an taɓa yi mata aiki, ko ta taɓa zubar da jini ko jijjiga a haihuwar baya, yaren da take ji, da wanda zai ba da izinin fita da ita in maigida ba ya nan. Wannan na ƙarshe kada a tsallake shi. Mata da yawa sun galabaita a ɗaki ana jiran mijin da ya tafi cirani Legas ko Fatakwal ya ɗauki waya. A sa maigida ya faɗa da bakinsa, a gaban shaida, cewa ya yarda a kai ta ko ba ya nan.

Mu da muka yi namu, gidajen da muka sani muka bi. Gidan ƙawa, gidan dangin miji, gidan maƙwabta. Muka rufe littafi muna ganin mun gama. Akwai wata baiwar Allah da ta shekara da shekaru tana kawo mana nono daga ruga. Na san ƙwaryarta, na san faifan da take rufe ta da shi, na ga cikinta yana girma wata bayan wata, amma ko sau ɗaya bai faɗo mini a rai ba cewa ita ma ta littafin ce. Naƙuda ta kama ta da dare cikin kulle. Mijinta ya ɗauko ta a babur, aka tsayar da su a shinge ana ta tambayoyin da bai iya amsawa da Hausa sosai ba. Da ƙyar suka wuce. A asibitin da suka fara isa, jikinta da zafi, ma'aikaciyar da ke wurin ba ta da ko safar hannu, tsoro ya kama ta, ta ce su yi gaba. Kafin su kai inda aka karɓe su, abin da ke cikin ya koma. Ita Allah ya yi da sauran kwananta. Bayan an buɗe gari ta zo, ta sauke ƙwarya a tsakar gida, na tambaye ta jariri, ta ce, "Hajiya, Allah ya karɓi abinsa." Ba ta ƙara komai ba, ta ci gaba da auna mini nono.

Tun daga ranar muka juya tsarin. Yanzu daga gefe muke farawa mu shigo ciki: rugage tukuna, sai masu zama a kangaye da shagunan da ba a gama ba, waɗanda rashin tsaro ya koro daga Batsari, Jibiya, Safana da makwabtansu, sai matan da suka ƙetaro daga Nijar ta Kwangwalam, sai Buzaye masu gadi da iyalansu, sai masu aikatau, sai mabarata da masu lalurar gani, ji ko tafiya, sai zawarawan da aka saki da ciki, sai yarinyar da ta yi ciki ba aure aka ɓoye ta a ƙuryar ɗaki. 'Yan gari masu dangi a asibiti su ne na ƙarshe, don su ko ba mu za a duba su.

Wannan ba ciwonmu ba ne mu kaɗai. A Amurka, duk da arzikinta, alƙaluman hukumar lafiyarsu sun nuna baƙar mace ta fi farar mace haɗarin mutuwa a dalilin ciki da haihuwa kusan sau uku. Wasu mata baƙar fata da suka taru a birnin Chicago a 1994 ne suka fito da kiran adalci a sha'anin haihuwa, korona kuma ta zo ta ƙara tona asirin wannan bambanci. A wajenmu fata ɗaya ce, amma wariyar tana nan da wasu sunayen: "'yar ruga ce", "ba 'yar gari ba ce", "'yan gudun hijira ne", "daga Faransa suka zo", kamar yadda tsofaffinmu ke kiran ƙetaren iyaka. Duk wadda aka kira da ɗaya daga cikin waɗannan, ita ce za a bari a kan benci.

Hattara: littafin nan amana ce. Mace ɗaya ce za ta riƙe shi, na biyun kuma a ajiye a kulle. Kada a ɗauki hotonsa a tura a WhatsApp. Mai cikin da ba ta son a sani, a rubuta ta da lamba maimakon suna. Wadda ta ce ba ta so a rubuta ta, a bar mata lambar waya a tafi, ba tilas.

4. Mota da takardar wucewa

Ku je tasha ku ga shugaban direbobi na NURTW. Ba baƙon abu ba ne a wurinsu, an taɓa gudanar da shirin ɗaukar mata masu naƙuda cikin gaggawa da direbobin ƙungiyar a jihar nan. Ku nemi direba uku masu kwana a cikin unguwa ko kusa da ita, da mai Napep biyu, da ɗan kabu-kabu biyu saboda hanyar ruga da mota ba ta shiga, balle da damina. A yi ciniki tun yanzu: nawa zuwa ƙaramin asibiti, nawa zuwa babban asibitin Daura, nawa in an tura Katsina. A rubuta, kowa ya sa hannu, a kuma yarda za a sake duba farashin in kuɗin mai ya motsa.

Sannan a rubuta takarda gajera mai ɗauke da sunan direba, lambar motarsa, da bayanin cewa yana jigilar masu naƙuda da marasa lafiya a madadin kwamitin unguwa kaza. Shugabar asibiti ta sa hannu, hakimi ko dagaci ya buga hatimi. Ku ɗauki kwafe ku kai wa DPO da kanku, ku kai ofishin sibil difens, ku kai wa shugaban 'yan sintiri. Ku roƙi lambar jami'i ɗaya da za a iya kira da tsakar dare in an tsare mota. A manne takardar cikin leda, ta zauna a motar.

Hattara: duk direban da aka kama ya yi lodin fasinja ko kaya da takardar nan, a karɓe ta ranar. Mutum ɗaya zai jawo a daina ganin mutuncin sauran. Kuma kada a ajiye jarkar fetur a ɗakin kwana. Gara a biya kuɗin lita goma a wajen mai gidan mai ko ɗan bumburutun da aka amince da shi, a riƙa ɗiba.

5. Asusu

Adashi muka sani, shi za mu bi. Misali gida sittin, kowane ya ba da naira 200 a mako, an tara 12,000, a wata 48,000. Ku daidaita adadin da ƙarfin mutanenku. Wanda ba shi da kuɗi ya kawo tiyar gero ko wake a sayar. A roƙi liman ya ware Juma'a ɗaya a wata a yi faifai, a kuma tuntuɓi 'yan unguwa mazauna Kano, Kaduna da Abuja.

Ga inda kuɗin ke tafiya, daga mai yawa zuwa kaɗan: mai da ladan direba, gwajin jini da ledarsa, kayan haihuwa ga wadda ba ta da hali, katin waya, sai hoton takardu. Kayan haihuwar su ne safar hannu, audugar mata, ledar shimfiɗa, sabulu, sabuwar reza, zannuwa biyu masu tsabta, da man shafa wa cibiya da ake samu a asibiti. Ku haɗa ƙunshi biyar ku ajiye.

Ku raba kuɗin biyu, rabi a banki ko a waya, rabi tsaba a hannun ma'aji. Mun ga yadda aka datse layukan waya a wasu ƙananan hukumomin jihar nan a 2021, mun kuma ga ƙarancin takardar naira a farkon 2023. Wanda ya dogara da hanya ɗaya zai kwana da kuɗin da ba zai iya taɓawa ba.

Hattara: a karanta lissafi a bainar jama'a duk wata, har da naira hamsin ɗin ruwan leda. Kuma kada a ce sai wadda ta zuba za a ɗauka. In kuka sa wannan sharaɗi, waɗanda kuka faro ƙirga daga kansu ne za su fara faɗuwa.

6. Jini

Zubar jini bayan haihuwa na kan gaba cikin abubuwan da ke kashe mata, yana iya gamawa da mace cikin awa biyu. Lokacin annoba kuwa mutane na gudun asibiti, ma'ajiyar jini ta bushe. Ku samo matasa ashirin masu lafiya, daga shekara 18 zuwa sama, masu nauyin kilo 50 ko fiye, ku kai su a gwada rukunin jininsu, a rubuta da lambobinsu. Majalisar shayi da ƙungiyar ƙwallo nan ne wurin samunsu. Namiji mai lafiya na iya bayarwa duk bayan wata uku. A faɗa musu tun farko cewa jinin na duk wadda ta buƙata ne, ba a tambayar 'yar gidan wane ce.

7. Zama da ma'aikatan asibiti

Kada ku shiga da faɗa. Ma'aikaciyar da ta kori mai nonon nan ba muguwa ba ce, uwa ce da aka bar ta ita kaɗai da dare ba kayan kariya. Tambayar farko ita ce, "Sista, me kuka rasa?" Ku rubuta amsar. In safar hannu ce, takunkumi, sabulu, ruwa ko fitila, ku ɗauki abin da za ku iya daga asusu, sauran ku sa shi a takardar da za ku kai sama. Ranar da ta ga kun tsaya mata, ita za ta riƙa kiranku.

Bayan haka sai ku kawo naku buƙatun, a rubuce, ɗaya bayan ɗaya.

Kada a rufe awo. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce mai ciki ta sadu da ma'aikacin lafiya aƙalla sau takwas kafin ta haihu. In ana tsoron cunkoso, a raba ranakun, a yi awon a inuwar bishiya ko baranda, a ba da maganin ƙarin jini na wata biyu ko uku a lokaci ɗaya, amma a ci gaba da gwada hawan jini.

A ware ɗaki ko lungu ɗaya saboda mai naƙudar da ta zo da zazzaɓi, tari ko gudawa, domin a karɓe ta maimakon a tura ta gaba. In dole sai an tura, a rubuta mata takarda, a kira can a sanar kafin mota ta tashi.

A bar mata mai rakiya ɗaya, musamman wadda ba ta jin Hausa. In doka ta hana, a yarda a kira tafintar kwamiti a waya a sa a kunnenta.

Kada a raba uwa da jariri haka kawai. Ko a lokacin korona, shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce uwa ta wanke hannu, ta sa takunkumi, ta ci gaba da shayarwa.

Kada a dakatar da rigakafin yara, kada kuma a rufe ɗakin tazarar haihuwa. Macen da take allurar wata uku, ita da mijinta suka zaɓi haka, in aka rufe mata ƙofa an yanke mata hukuncin da ba ta nema ba. Akwai allurar Sayana Press da ake koya wa mace ta yi wa kanta a gida, ku tambaya ko suna da ita. Haka kuma wadda ba ta so, kada a matsa mata, kada a yi mata komai ba da saninta ba. Haƙƙin biyu ne, kuma duka nata ne.

Ku tambaya ko asibitin na cikin masu karɓar kuɗin asusun kula da lafiya a matakin farko, wanda Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta kafa da aƙalla kashi ɗaya cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya. In yana ciki, a manna a bango abin da yake kyauta da abin da ake biya, da Hausar boko da ajami. Sau da yawa rajistar irin wannan shiri na neman lambar NIN, matan ruga da 'yan gudun hijira kuwa su ne ba su da ita, don haka ku kai su su yi tun gari na lafiya.

Hattara: 'yan kwamiti ba likitoci ba ne. Ba ku ba da allurar naƙuda, ba ku ba da ƙwaya. Aikinku gane alamar haɗari da gaggauta fita: jini, jijjiga, ciwon kai mai tsanani da gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, zazzaɓi mai zafi, ɗa ya daina motsi, ko naƙuda ta wuce awa goma sha biyu. Doguwar naƙuda ce ke cika asibitin Babbar Ruga na Katsina da masu yoyon fitsari.

8. Rubuta abin da ya faru, ranar da ya faru

Ƙorafin baki iska ce ke kwashe shi. Duk lokacin da aka kori mace, aka zage ta da ƙabilarta, aka tsallake ta a layi, ko aka karɓi kuɗin abin da aka ce kyauta ne, a rubuta abu shida kafin a kwana: rana, lokaci, wuri, abin da aka faɗa da kalmomin da aka faɗe shi, wanda ya gani, da abin da ya biyo baya. A ajiye kati, rasit da takardar magani. A karanta wa matar abin da aka rubuta da yarenta, a tambaye ta ko ta yarda a kai gaba, da sunanta ko ba suna. In ta ce a'a, magana ta tsaya nan, sai dai a ƙirga ta cikin adadi.

Doka biyu za ku haddace. Sashe na 20 na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ya hana ma'aikacin lafiya ko asibiti ƙin ba mutum kulawar gaggawa bisa kowane dalili, hukuncinsa tarar naira 100,000 ko ɗaurin da bai wuce wata shida ba, ko duka biyun. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana nuna wa ɗan Najeriya bambanci saboda ƙabila, asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa. Ku lura da kyau: na biyun ɗan ƙasa ya ambata, na farkon kuwa mutum ya ce. Ke nan matar da ta ƙetaro daga Matamaye ko Magarya a Nijar tana zubar da jini, ita ma sashe na 20 ya rufe ta.

Takardar kada ta wuce shafi ɗaya. Sakin layi na farko abin da ya faru, na biyu dokar da aka saɓa, na uku abin da kuke so a yi da ranar da za ku dawo jin amsa. Ku nemi abin da za a iya aunawa. "A gyara hali" ba buƙata ba ce. "A ƙara ma'aikaciya ɗaya a aikin dare, a kawo kwalin safar hannu kafin ƙarshen wata" ita ce buƙata.

Hattara: ku yi kwafe biyu, a buga muku hatimin karɓa da kwanan wata a kan naku. Takardar da ba ta da wannan hatimi, gobe za a ce ba a gan ta ba.

9. Hawa tsani, ba tsallake

Ku fara da shugabar asibitin, ku ba ta mako guda. In shiru, sai kwamitin raya mazaɓa da shugaban sashen lafiya na ƙaramar hukuma. In shiru, sai Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta jiha a Katsina. In babban asibiti ne na jiha, hukumar kula da asibitoci ce ke da shi. In na tarayya ne, ku nemi teburin karɓar ƙorafi na SERVICOM. Abin da ya kai ga rasa rai ko wariya ƙarara, a kai shi Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa ko Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, ba a biyan ko sisi.

A lokaci guda ku bi ɗaya hanyar: mai unguwa, dagaci, hakimi, har fada in ta kama. A ƙasar Daura da Katsina kalma ɗaya daga hakimi kan buɗe ƙofar da takarda uku ba su buɗe ba. Kansila da ɗan majalisar jiha kuma a kai musu abin da ya shafi kuɗi da ɗaukar ma'aikata. Ku nemi ƙungiyoyin mata irin su FOMWAN, ta mata Musulmi, su sa hannu tare da ku, mazaɓa biyar masu kuka ɗaya sun fi mazaɓa ɗaya nauyi.

In doka ta hana taro, a tura mutum biyu da takunkumi, sauran su sa hannu ko dangwale. Kuma a tafi da ɗaya daga cikin matan da abin ya shafa in ta yarda, ta yi magana da bakinta, tafinta na gefe. Na ga yadda fuskar babban jami'i ke sauyawa in mai abin ce a gabansa.

10. Rediyo da waya

Rediyo ne ke kaiwa ruga, ba Facebook ba. Ku nemi fili a shirin lafiya na gidan rediyon jiha, Companion FM ko Vision FM, ku je da ma'aikaciyar lafiya, a faɗi alamomin haɗari da inda ake karɓar haihuwa da dare, a maimaita da Fillanci. Saƙon murya na minti ɗaya a WhatsApp ya fi dogon rubutu, domin ko wadda ba ta karatu za ta saurara. Liman ya faɗa bayan sallah, sanƙira ya zaga.

Kai ƙorafi kafar watsa labarai kuwa shi ne makami na ƙarshe, bayan an hau tsani an ga shiru. In za ku yi, ku faɗi adadi da ranaku daga littafinku, kada ku kama sunan ƙaramar ma'aikaciya.

Hattara: kada a ɗauki hoton mace tana naƙuda, ko gawa, ko jariri, da sunan neman taimako. Kada a yaɗa cewa gidan wane ko rugar wane ce ta kawo cuta, da irin wannan maganar ake fara korar mutane daga bakin rijiya da layin asibiti. Labarin cutar da ba ku tabbatar ba, ku tambayi jami'in sa ido kan cututtuka na ƙaramar hukuma, ko ku kira layin kyauta na hukumar yaƙi da cututtuka ta ƙasa, NCDC, wato 6232.

11. Bayan an buɗe gari

Ku zauna cikin mako biyu da ɗage doka, ku buɗe littafi, ku bi sunayen ɗaya bayan ɗaya. Nawa suka haihu a asibiti, nawa a gida, nawa a hanya. Wadda aka rasa, ko aka rasa ɗanta, a je ta'aziyya tukuna, bayan kwana bakwai a koma a tambaya a hankali inda aka makara: a gida wajen yanke shawara, a hanya, ko a asibiti bayan an isa. Sannan ku raba lissafin biyu, 'yan cikin gari da na gefe, ku dubi bambancin da idonku. Wannan shafin shi za ku kai wa hakimi da ƙaramar hukuma.

Ku koma wajen duk wanda ya taimaka ku yi godiya, direba, ɗan sandan da ya ɗaga waya, sistar da ta kwana a tsaye. A mayar da abin da aka ɗiba a asusu, a sake haɗa ƙunshin kayan haihuwa biyar. Duk wata uku a sake zagayen ƙirga, domin masu ruga na tashi, baƙi na sauka, sababbin ciki na shiga. A kira kowace lambar da ke littafin a ji tana shiga, ta direba da ta masu ba da jini, a sabunta takardar wucewa in an sauya DPO ko shugabar asibiti. Zagaye ɗaya a yi shi kafin zafin bazara, ɗaya kuma kafin ruwan farko ya yanke hanyar ruga.